Ɗanɗano a Tafin Hannu

A gidanmu ba a ɗanɗana miya da cokali. Mahaifiyata takan ɗebo da ludayi, ta hura, ta ɗiga a tsakiyar tafin hannunta, ta lasa, sannan ta tsaya shiru tana kallon bango kafin ta yanke hukunci. Haka na taso na gani a Jos, haka na koya, haka kuma na tafi da shi gidan aure. Ban san zan auri mutumin da zai ƙwace mini wannan aikin ba.

Tun makon farko ya fara. Ina tsaye a kan tukunya ya shigo kicin, ya kama wuyan hannuna kafin in kai baki, ya lashe ɗigon miyar. Na ce masa wannan wane irin rashin ta-ido ne. Ya ce gishiri bai ji ba, kuma daddawar ta kwana biyu. Haushi ya kama ni, domin gaskiya ya faɗa. Daga ranar abin ya zame mana jiki, duk miyar da zan sauke sai ta bi ta harshensa daga hannuna. Kuma bai taɓa cewa "ta yi" ya tsaya nan ba. Kullum da jela. Ta yi, amma albasar ta ɗan kama. Ta yi, amma wannan manjan ba na wancan kantin ba ne. Sau da yawa nakan ji kamar in ƙwala masa ludayin a ka.

Wannan harshen da wannan hancin su suka zaunar da mu a Kuala Lumpur, su ne kuma suke ciyar da mu. Kakarsa burkutu take dafawa a wani ƙauye a kudancin Kaduna, tun yana ƙarami take aikensa ya sunsuno tukwane ya faɗa mata wadda ta nuna. Da ya zo ƙasar nan karatun harkar otal da abinci, wata tsohuwa 'yar asalin China, haifaffiyar nan, ta ji shi yana yi wa wani baƙo bayanin giya a gidan abincin da yake koyon aiki. Ta jira ya gama karatu, ta ɗauke shi.

Iyalin tsohuwar suna da ƙaramin gidan yin giya a kan tsaunuka, inda ake ɗan samun sanyi, tafiyar 'yan sa'o'i daga birni. Inabi ba ya jure zafin ƙasar da yawan ruwanta, don haka da abin da ƙasa ta ba su suke yi. Ja daga zoɓo, wannan dai zoɓon namu, su ma suna nomansa. Fara kuma daga abarba. Iri biyu ke nan, babu ƙari, amma kowace shekara da halinta take zuwa, gwargwadon ruwa da ranar da gona ta samu. Kantinsu yana unguwar Sentul a cikin birni, a wani tsohon layi da dogayen gine-gine suka kewaye, da dogon teburin katako a cikinsa ta baya. Idan sabuwar giya ta sauko daga tsauni, aikin maigidana ne ya ɗanɗana ta, ya faɗi abincin da kowacce za ta tafi da shi. Sannan a gayyato masu otal da masu gidajen abinci a yi musu liyafa, shi yana tsaye a bakin teburin yana bayani. Abin da ya faɗa ranar shi ke sayar da kwalaben shekara. Izinin aikinsa saboda wannan teburin aka ba shi, ni da yaranmu biyu kuwa a jikin izininsa muke rataye.

Ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Babana dattijon ikilisiya ne, mahaifiyata shugabar zumuntar mata, a gidanmu ko sunan abin ba a kira. Tun kafin aure muka daidaita da shi: aikinsa nasa ne, kicin nawa ne. Kwalba ba ta shiga firjina, ba a zuba ko ɗigo a tukunyata. Wannan dokar ta yi mini rana a Cheras, unguwar da muke zaune, domin maƙwabciyata Bakanuwa, matar wani ɗalibi, tana cin abincina hankalinta kwance.

Amma ko ba na sha, na haddace karatun, tunda mutumin ba ya iya cin abinci bakinsa a rufe. Ja tana son maiƙo: gasasshiyar agwagwa, tsiren nan nasu da ake ci da miyar gyaɗa, naman da aka dafa da madarar kwakwa har ruwan ya ƙafe. Tsaminta ke wanke maiƙon daga harshe, ka ji kana son wata lomar. Fara tana son kifi da kaza da duk abin da ya ji barkono, saboda ɗan zaƙinta yana kwantar da yaji. Tsami ba ya zama da tsami, ya ce duk wanda ya kora gwaten yakuwa da jar giyar haƙoransa sai sun mutu. Abu ɗaya ne ba ya canzawa kowace shekara, farar giya da kifin da aka turara da ɗanyar citta. Girkin marigayi mijin tsohuwar ne, kuma shi ake fara kawowa a kowace liyafa.

Cutar nan da ta rufe duniya ba ta same shi lokacin da take kan ganiyarta ba. Sai da aka buɗe kasuwanni, mutane suka fara mantawa da takunkumin fuska, sannan ta lallaɓo ta kama shi. Zazzaɓi da mura na 'yan kwanaki, ya miƙe, muka gode wa Allah, ya koma aiki. Ya ci gaba da shigowa kicin kamar kullum, ya kama hannuna, ya lasa.

"Ta yi," zai ce, ya fita.

Da farko daɗi na ji. Na ce to, bayan shekarun nan dai hannuna ya kai inda ake so. Har na yi wa maƙwabciyata fariya cewa alƙalin gidanmu ya ajiye aiki.

Wata Asabar na ɗora miyar kuka da daddawar da wata 'yar cocinmu ta kawo mini tsaraba daga gida. Ƙamshin ya cika barandar benen, har Bakanuwar ta leƙo tana cewa na tayar mata da kewar gida. Maigidana ya shigo daga waje ya tambaye ni me nake dafawa. Ban kawo komai a raina ba. Ya lasa daga hannuna, ya ce ta yi, ya wuce falo. Da na juya zan rufe tukunya sai na ga gishirin da na ɗebo a murfin kwano yana nan zaune a gefen murhu, ban zuba ba. Na ɗiga wa kaina na lasa. Lami, ko ƙwaya babu.

Na kashe wutar na same shi a falo. Ruwan la'asar ya tsuge kamar yadda ya saba a garin, yana zaune yana kallonsa ta taga.

"Maigida, miyar nan babu gishiri."

Bai juyo ba.

"Tun yaushe kika gane?"

"Yanzu."

"Ni tun ranar da na tashi daga ciwon."

Ya ce shinkafa da nama da shayi duk sun koma abu ɗaya a bakinsa. Yana jin zafi da sanyi, yana jin taushi da tauri, iyakarsa ke nan. A kanti bai sha wahala ba, saboda giyar bara ya san ta ciki da waje, da ka yake bayaninta. Amma ta bana tana saukowa ƙarshen wata, kuma babu wanda ya san halinta tukuna. Na zauna a hannun kujera. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, na ji ciwon cewa ya yi makonni yana lasar hannuna yana faɗa mini abin da bai ji ba.

Likitan da muka gani bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, kuma babu ƙwayar da zai rubuta. Ya dai ce a riƙa ba hancin aiki safe da yamma da abubuwa masu ƙarfin ƙamshi, lemon tsami, kanumfari, citta. Na ɗauki abin da gaske fiye da likitan kansa. Kowace safiya in yara sun tafi makaranta sai in goga ɗanyar citta, in murza ta tsakanin tafukana har ta yi ɗumi, in rufe masa hanci da hannuwana biyu. Ya ja numfashi, ya sake ja, ya girgiza kai. Da yamma mu sake. Ban taɓa fashi ba, shi ma bai taɓa jin komai ba.

Na ce ya faɗa wa tsohuwar gaskiya.

"In na faɗa mata ta yi yaya da ni?" ya ce. "Ta mai da ni mai gadi? Madam, hancin nan aka ba wa biza, ba ni ba. Ki bari mu ga ƙarshen wata."

Ƙarshen wata ya zo, hanci bai zo ba. Ya shigo da kwalabe biyu marasa takarda a jiki, ya ajiye su a teburin falo, don ko a wannan halin bai manta da dokar kicin ba. Daga bakin ƙofa nake kallonsa. Ya zuba jar a kofin gilashi, ya juya ta, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya wasa baki da ita, ya tofar a kwano kamar yadda masu aikin suke yi. Ya yi haka da farar. Ya sake komawa kan jar. Daga nan ya ture kofin gefe ya kifa goshinsa a kan tebur.

Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa, ina jin da na ƙi, don ina da taurin kai kuma na gaje shi. Shirun ne ya fi ƙarfina. Na wanke hannuna da sabulu, na goge a zani, na fito na miƙa masa tafina.

"Ɗiga mini."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannun.

"Ba haka ake yi ba, Madam."

"Haka nake yi."

Ya shiga yi mini bayani cewa sai a kofi giya take buɗewa, sai ta cika baki ake gane ta. Na ce zan sunsuna kofin in yana so, amma bakina ba zai taɓa shi ba. Abin da ke kofi sha ne. Abin da ke tafin hannu ɗanɗano ne. Mahaifiyata ko tana azumi takan lasa miyar yara daga hannunta, ta ce Allah ya san bambancin mai girki da mai ci. A kan wannan 'yar siririyar igiyar na tsaya, kuma ya san in ya ja ta za ta tsinke. Ya karkata kwalbar a hankali ya ɗiga mini.

Jar ta ba ni mamaki, don na zaci zan ji zoɓo. Zoɓon yana nan, amma can baya, babu sukari, da wani bauri da ya kama mini harshe irin na ɗanyen goro. Na faɗa masa haka. Ya gyara zama.

"Baurin a ina yake? Gaban harshe ko gefe?"

"Gefe. Har dasashi."

"Yana wucewa da wuri?"

"Yana nan har yanzu."

Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ya ce rana ta yi yawa bana ke nan, ta fi ta bara ƙarfi. Na ga fuskarsa ta dawo irin ta mutumin da na aura.

Na kurkure baki, na goge hannu, ya ɗiga mini farar. Ita mai sauƙin kai ce. Ƙamshin ɓawon abarba, ɗan zaƙi, ɗan tsami mai tsabta. Sai kuma a ƙarshe, bayan komai ya wuce, wani ɗumi ya taso mini a maƙogwaro.

"Akwai citta," na ce.

"Citta?"

Na sake lasa. Tana nan. Ya ce bara babu, amma abarba takan yi haka wata shekarar, takan zo da ɗan yaji a wutsiya. Ya sa na maimaita washegari, da jibi. Kullum tana nan.

Kwanakin da suka biyo baya falonmu ya koma gidan abinci. In ya taso aiki sai ya biya ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunso masa, yau agwagwa, gobe tsire, jibi kifi. In ci loma, in lasa ɗigo, in faɗa masa abin da ya faru a bakina, shi kuma ya juya maganar zuwa irin harshen da ake yi a teburin Sentul. Muka gano jar bana ta fi ƙarfin tsiren, tana danne shi, amma da agwagwa kamar don juna aka yi su. Na kawo kilishin da nake ɓoye wa yara muka gwada, ya zauna da ita daram, har ya ce santi nake yi. Farar ta yi kyau da soyayyar kaza mai barkono. Da muka zo kan kifin marigayi kuwa, na ce cittar ta yi yawa, ta kifin da ta giyar sun haɗu suna ƙona harshe. Ya ce dole ya faɗa wa tsohuwar a canja kifin bana, ko da ba za ta ji daɗi ba.

Ranar Lahadin makon ban iya tashi na yi waƙa da matan zumunta ba, na ce musu maƙogwarona ne. Kunya nake ji, ina tuna fuskar mahaifiyata. Amma akwai wani abin kuma da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Daɗi nake ji. Shekara da shekaru ni ke miƙa hannu yana yanke hukunci, yanzu ga shi ya zuba mini ido yana jiran abin da zai fito daga bakina. Ban taɓa jin mun kusanci juna kamar a waɗannan kwanakin ba.

Kafin babbar liyafa tsohuwar takan yi ƙaramin gwaji, ita da shi kawai. Wannan karon ya tafi da ni, da hujjar ni zan kawo kilishi da dambun naman da yake so ta gwada da jar. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, yana son ya ga fuskar da ya sani. Muka shiga jirgin ƙasa daga Cheras da rana tsaka, kwanuka a cinyata.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, gashinta fari a yanke gajere, tana magana da Turancin da ta cakuɗa da Malay. Ta san ba na sha, don haka shayi ta zuba mini, ta turo mini faranti.

"Makan, makan," ta ce, wato in ci.

Maigidana ya miƙe a bakin teburin ya fara da jar. Ya yi maganar rana, ya yi maganar bauri, ya ce a ɗaga tsire bana a sa agwagwa a gaba. Ta kurɓa, ta tofar, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kilishina ta tauna a hankali, ta sake kurɓa, ta ɗaga mini gira. Na ji zuciyata ta ɗan sauka.

Sai ya ɗauki farar. Ya juya kofin, ya sunsuna, ya kurɓa, duk yadda ya saba, wanda bai sani ba ba zai ga bambanci ba. Ya ce bana ta zo da citta a ƙarshe, don haka yana ganin kifin gidan zai yi mata yawa, a sa kifi da lemon tsami a madadinsa.

Tsohuwar ta kurɓa. Ta riƙe a baki ta daɗe, ta tofar. Ta sake. Ta tashi da kanta ta ɗauko wata kwalbar daga kwali ta buɗe, ta zuba a sabon kofi, ta kurɓa.

"Babu citta, lah," ta ce a hankali.

Ta dube shi, ba da fushi ba, kallon wadda take haɗa abubuwan da ta daɗe tana gani. Daga baya ta faɗa mana ta lura ya daina yi wa mai dafa musu shayi ƙorafi, mutumin da bai taɓa barin kofi ya wuce shi ba tare da magana ba.

"Wa ya ɗanɗana maka?" ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban san lokacin da na janye hannuwana daga kan tebur na cusa su a cinya ba, kuma ta gani. Ta zagayo inda nake ta tsaya.

"Boleh?" ta ce, tana neman izini.

Na ba ta hannun. Ta juya shi, ta buɗe tafin, ta kai hancinta. Sau ɗaya ta shaƙa. Ta faɗi sunan citta da Malay, ta sake faɗa da Turanci don in ji. Ni ma na kai ɗaya hannun hancina, hannun da na wanke da sabulu kafin mu fito, kuma sai a lokacin na ji ta. Ta shiga fatar, na saba da ita har na daina jin ta. Jar giyar tana da ƙarfin da ya rufe ta, farar ba ta da shi. Cittar da nake murza masa safe da yamma don hancinsa ya dawo, ita na yi ta lasa ina cewa a kwalba take.

Tsohuwar ta tambaye ni me ya kai citta haka hannuna. Na faɗa mata komai, ciwon, likitan, safiya da yamma, da dalilin da ya sa ban sha a kofi ba. Ba ta saki hannun ba har na gama. Hannunta busasshe ne, mai sanyi.

Sannan ta juya wurinsa. Ta ce abin da ya faɗa a kan jar daidai ne, kuma za a sa agwagwa a gaba. Ta ce kifin mijinta yana nan inda yake. Ta ce ba za ta tsayar da shi a gaban mutane ya faɗi abin da bai ji ba, ita za ta tsaya da kanta bana, ko da ƙafafunta ba sa so. Zai ci gaba da aiki a sito da kai kaya har izininsa ya ƙare. In hancin ya dawo kafin nan, teburin nasa ne. In bai dawo ba, ba za ta sa hannu a kan cewa shi mai ɗanɗano ne ba. Ya ce ya gode. Ya tattara kofunan ya kai wurin wanki, kuma ta bar shi ya yi.

A jirgi, da muka kusa sauka, na juya wurinsa.

"Hannuna ne," na ce.

"Ni na ɗiga," ya ce.

Aka yi liyafar. Ya ɗauki kwalaye, ya goge kofuna, ya tsaya can baya yana jin tsohuwar tana faɗin maganar rana da bauri.

Abin da ya fi ci mini rai ba aikin ba ne. Ya daina shigowa kicin. Babu sauran dalilin yin kamar yana ji, don haka ya tsaya a falo. Ni kuwa jikina bai samu labari ba. In ɗebo miya, in hura, in ɗiga, in tsinci kaina a tsaye hannu a buɗe ina jiran takunsa, har ɗigon ya huce. Abinci yakan ci don kada ya faɗi ne kawai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce in huta da cittar, na ƙi. Muka ci gaba safe da yamma har watannin suka ƙare. Wata rana ya ce kamar ya ji tsamin lemo, muka yi murna, washegari babu. Hancin bai dawo ba.

Tsohuwar ta cika maganarta duka biyu. Ta riƙe shi har ranar ƙarshe, kuma ba ta sabunta izinin ba. Ta aiko masa da kwalabe biyu, ja da fara. Ni na naɗe su a zanina na sa a akwatina, tsakanin kayan zumunta da takalman yara.

A makon komawarmu ƙasarmu gidan ya zama kwalaye. Tukwanena na ba Bakanuwar, ta karɓa tana kuka, ta ce ta san abin da bai taɓa shiga cikinsu ba. Na bar guda ɗaya don girkin kwanakin da suka rage. Ranar jajibirin tafiya na ɗora miyar kuka da ragowar daddawar, don kada in zubar. Ina tsaye ina juyawa na ji motsi a bayana.

Ya karɓi ludayin daga hannuna. Ya ɗebo, ya hura yadda ya ga ina yi, ya ɗiga a tafin hannunsa, har kaɗan ta zuba a ƙasa don bai iya ba. Ya miƙo mini hannun.

"Faɗa mini."

Na kama wuyan hannunsa na lasa. Na ji kuka da daddawa, na ji ƙurar kwali da ya yini yana ɗaurewa. Idona ya cika.

"Ta yi," na ce.

Bai janye hannun ba.

"Amma?"

"Amma gishiri bai ji ba."

Ya miƙa hannu kan kantar kicin ya ɗauko gishirin, ya tambaye ni nawa zai zuba.